Kaska Mai Tambari

Ni dai tun ina ɗiya ƙarama anka san ni da bin diddigi. Uwata kan ce, "Baturiya, ke in anka ce kura ta mutu, sai kin buɗa bakinta kin duba haƙora." Ba ta yi mini ƙarya ba. Na fara da wanga ne don ku san irin matar da ke ba ku labari, kada can gaba ku ce mi ya kai tsohuwa leƙen ƙarƙashin wutsiyar shanun mutane a karar Mafara, kasuwar shanu.

Shekarun da anka datse gulbi a Bakolori ne. Ruwa ya ci garinmu, Tungar Marke, ya ci gonaki da fadama da kushewar iyayenmu. Anka kwaso mu cikin manyan motoci, anka zube kan wani tudun tsakuwa wajen Maradun, anka ce ga gari nan. Mijina ya riga ya rasu, ɗiyana mata biyu suna gidan aure a Bakura. Abu mai rai guda na fito da shi, saniyata Gudale. Uwata ce ta bar mini kakarta, kakar ta haifi uwar, uwar ta haifi ita, kuma duk shanun gidanmu a kanta sunka ƙare. Ba zan ɓoye muku ba, na fi son saniyar nan da mutane da yawa waɗanda nake gaisawa da su kullum.

Kowace safiya, kafin in sa komai a baki, sai in duƙa gefenta in bi ta da hannu: hantsa, hammata, cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya. In na ji kaska in murɗe ta in jefa wa kaji, su kuwa suna nan tsaye suna jira kamar an gayyace su suna. Haka uwata ta yi, haka kowace mace mai dabba ke yi a garinmu. Ba aiki ba ne da ake zancensa, kamar wanke fuska ne.

Damanarmu ta biyu a tudun, kaska ta yi yawan da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Shanu sunka fara kirci, wasu suna fitsarin jini. Bijimin Mai gari Jatau ya yi ta kewaya turkensa kamar mai hawan bori, ya faɗi, kafin a kawo wuƙa ya zama mushe. Ana cikin haka sai masu zuwa yankan ciyawa sunka zo da wani labari. Wai sun ga wani mutum da takalmin roba har gwiwa shina jan farin alawayyo cikin ciyawar bakin tafki, ya ja ya tsaya, ya duƙa ya buɗe kwalba, ya sake ja. Farin ƙyalle sol, tsawon mutum. Wa zai ja likkafani cikin makiyaya in ba mai mugun nufi ba?

Nan fa Barau ya samu abin yi. Barau ƙanin mijina ne, don haka akwai wasa tsakaninmu, ina faɗa masa abin da ko uwarsa ba za ta faɗa ba. Ya yi yaƙin basasa, ya dawo da igiyar kofur, da ɗingishi, da rediyon da ba ya rabuwa da ita. Ya tara gari a dandali, mu mata muna bayan zana muna ji.

"Jama'a," ya ce, "ku kun san bindiga da bam. Akwai makamin da ba ya ƙara. A bariki an gaya muna, kuma ga shi rediyo na faɗi, manyan ƙasashe suna da ɗakunan da ake kiwon cuta kamar yadda kuke kiwon awaki. Sai a ɗura ta cikin ƙwari a sake. A fara da dabbobi, a gama da mutane. Sau nawa anka ce ku hana shanunku sauka bakin ruwan dam kunka ƙi? To ga amsa an aiko muku."

Wani ya ce ina shaida. Barau ya ciro farantin tangaran fari daga aljihun rigarsa, ya ɗora kaska guda a kai, ya ce a zagaya da shi har wurin mata.

Da farantin ya iso hannuna na kai shi ga haske. Wallahi sai da na ce subhanallahi. Bayan kaskar nan da ado: ja kamar tagulla, da ɗan kore-kore, da zane baƙi a tsare, ƙafafunta kuma da zobe-zobe fari da ja. Kyakkyawa, ja'irar.

"Wa ya taɓa ganin kaska da kwalliya?" in ji Barau. "Wanga tambari ne. Duk abin da masana'anta ta ƙera sai ta buga masa tambari, ku duba jikin katafila ku gani."

Marka maƙwabciyata ta zungure ni ta ce, "Ke da kullum hannunki na kan su, haka suke?" Na buɗe baki in ce i, sai na rufe. Na buɗe in ce a'a, sai na sake rufewa. Tun ban kai aure ba nake cire kaska, amma da yatsu nake cirewa, da jijjifi, in jefa wa kaza. Na san nauyinta a hannu, na san wadda ta ƙoshi ta yi tulu. Amma in ce na taɓa tsayawa na dubi bayanta, ƙarya nake. Duk matan da ke wurin babu wadda ta iya rantsewa. Abin ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi.

Kada ku ce mu sakarkaru ne. Mutanen da sunka ce muna ruwa ba zai kai maƙabarta ba, mun ga kwale-kwale na wucewa ta kan kabarin ubana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai gari ya ce rigakafi ya fi magani, ya danƙa wa Barau shirin gari gaba ɗaya.

Kai, kun so ku ga Kofur a kwanakin nan! Ya rataye tsohon wilin mota a jikin aduwa, in jirgin awon ƙasa ya gifta a buga, kowa ya ruga ɗaki ya toshe hanci da jiƙaƙƙen tsumma. Ya sa anka yi wa rijiya murfi. Ya sa maza ɗaure ƙafar wando da igiyar rama, har liman sai da ya zo masallaci kamar mai shirin kokawa. Anka kewaye gari da layin toka. Gaskiya ɗaya ce, murfin rijiyar ya yi amfani, yara sun rage gudawa a shekarar, kuma har gobe ina gode masa kan wannan.

Sai kuma doka ta ƙarshe. Tunda kaskar guba ce, kada wanda ya sake taɓa ta da hannu. Kaji da zabi a kulle su cikin akurki, kada su ci su kawo muna a nama da ƙwai. Dabbobin gari kaf a tara su garke guda bayan gari, a kewaye da ƙaya, samari su yi gadi da sanduna. Harawa a jefa ta sama da shingen, ruwa a zuba ta indararo. Ko balbela ta sauka a kore ta, wai ba a san wa ya aiko ta ba.

Ranar da sunka zo ɗaukar Gudale na tsaya bakin ƙofa na riƙe ƙugu.

"Kofur, in ka taɓa igiyar nan sai na fasa maka ɗayar ƙafar."

"Matar yaya, ki yi haƙuri. Ranki nake tsarewa."

"Raina na cikin saniyar nan, soko. Wa zai cire mata kaska?"

"Abin da ba mu so ke nan. Ke dai ki bari ƙura ta lafa."

Mai gari ya aiko a ce mini ko nasa shanun sun shiga, ba za a ware kowa ba. Sunka ja ta, tana waiwaye. Na zagi Barau har kakansa, wanda kuma kakan mijina ne, Allah ya gafarta mini.

Zagi bai buɗe shinge. Na zauna na yi tunani na ga tambayar guda ce: kaskar nan tamu ce ko baƙuwa? In baƙuwa ce, to Barau ya yi gaskiya, in rufe bakina. In tamu ce, a buɗe mini garke. Sai na ce to ina zan samu shanun da ba su taɓa shinshinar ciyawar Bakolori ba? Karar Mafara, ranar Talata, inda ake koro shanu tun daga Adar.

Na shiga akori-kura da sassafe. Ba mu yi nisa ba ta lalace a gefen tafki, direba ya shige ƙarƙashinta shina tsaki. Ina zaune kan dutse sai na hango farin abu na tafiya cikin ciyawa. Gabana ya faɗi, ba zan yi ƙarya ba. Sauran fasinja sunka koma bayan mota, wata tana karanta Ayatul Kursiyyu. Ni kuwa ƙafafuna sunka ɗauke ni sai gabansa.

Wani siririn mutum ne mai tabarau, Bahaushe ɗan'uwanmu, maganarsa irin ta mutanen gabas. Munka gaisa, na tambayi gajiya da iyali da aiki, ya tambayi gida da ruwa da jama'a. Ya ce sunansa Sallau. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, shuka kake ko girbi?"

Ya dube ni bai gane ba. Na nuna alawayyon. Ya yi dariya har tabarau ya zame, da ya ga ban yi ba sai ya haɗiye ta. Ya ce in matso. Ya ja ƙyallen kan ciyawa kaɗan, ya juya shi, sai ga 'yan ƙananan kaska sun manne. Ya tsince su da ɗan hantsaki ya jefa cikin kwalba mai ruwa, sunka nutse.

"Girbi nake, inna. Likitocin dabbobi sunka turo ni in ga wace iri ce ta yi yawa. Fari ne don in gan su."

"To ai mai shuka ma in anka kama shi haka zai ce."

"Haka ne," ya ce. "Ba ni da abin da zan rantse miki da shi ban da Allah."

"To gaya mini. Da gaske ana yin makami da cuta?"

Ya rufe bakin kwalbar ya ce, "Ni ma na ji ana faɗi. Ɗan Adam babu abin da bai taɓa sawa a ransa ba, ba zan ce miki ƙarya ne ba. Amma ki duba nan." Ya nuna ɗan zirin ciyawar da ke tsakanin ruwa da hanya. "Shanun gari nawa ke kiwo a ɗan wurin nan yanzu? Da can kuma kuna ƙone ciyawa da rani ko?"

Na ce awo, kowace shekara, amma yanzu an hana sa wuta saboda injuna da man kamfanin dam.

"To," ya ce, "ga cunkoso, ga babu wuta, ina kaska ba za ta yi yawa ba?"

Ya ciro wani gilashi mai kumbura abu ya ba ni in duba wata babba da ya kama. Na ga tambarin Barau ya cika ido, har da 'yan ɗige-ɗige. Na tambaye shi ko zai zo garinmu ya faɗi abin da ya faɗa mini. Ya ce zai zo in ina so. Na tuna samarin nan da sandunansu, na dubi siraran ƙafafunsa, na ce a'a, ya yi zamansa. Maganarsa ta shige ni, amma shi baƙo ne mai kwalba, ko ni ban yarda da shi duka ba.

Rana ta take lokacin da munka isa Mafara. Na wuce layin 'yan albasa da masu tukwane, na nufi kara kai tsaye. Ba wurin mata ba ne, kowa ya sani. Na tambayi inda shanun arewa suke, wani dillali mai suna Maikuɗi ya taso da murmushi shina gyara hula, ya ɗauka Hajiya ce ta zo sayen sa. Ya fara yabon wani jan bijimi, ni kuwa na zagaya baya na ɗaga wutsiya.

"Inna, lafiya? Ai haƙori ake dubawa."

"Kai duba haƙorin, ni na san abin da ya kawo ni."

Mai shanun wani Buzu ne da rawani har hanci, ya ce jiya-jiya sunka ƙetaro, bai ma san inda dam ɗin yake ba. Na murɗo guda daga hantsar wata saniya na ɗora a tafin hannu. Ga ja, ga kore, ga zoben ƙafa. Na bi ta biyu, na bi ta uku, duk haka. Kafin in ɗago an yi mini zobe, mahauta da 'yan kamasho suna kallon tsohuwar da ta haukace. Wani ya ce magani take haɗawa. Na ƙulle su a bakin zane na ce, "Awo, maganin wauta ne, in kawo maka?"

Na koma gida ina jin kamar na ci yaƙi. Na tarar da Barau gindin aduwa da rediyonsa, na kwance bakin zane na zube masa su a gaba. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya.

"Da hannu kika taɓa? Inna lillahi!"

"Daga Adar sunka zo, Kofur. Shanun da ba su taɓa ganin mai alawayyo ba. Ga tambarinka nan."

Ya duƙa ya duba da tsinke, ya daɗe. Sai ya ɗago fuska a murtuke ya ce, "Ashe abin ya fi yadda nake zato. Har Adar sunka kai."

Jama'a, haushi ya kama ni. Na ce, "Barau, kai dai za ka mutu da haushin kifi kamar 'yar'uwarka kaska." Ya ce in je in wanke hannu da toka da kananzir, kuma kada in taɓa tulun kowa. Abin haushin, da na kwanta na juya maganarsa sai na ga ba ta da ƙofar shiga. Jirgi na tashi ko'ina. Duk saniyar da ke raye a yau, ana iya cewa an sa mata. Abin da nake bukata kaskar zamanin da ce, ta kafin katafila ta farko ta shigo ƙasarmu. To wa ke ajiyar kaska? Garin da za a tona ma shina ƙarƙashin ruwa.

Kullum sai na je bakin shinge na leƙa. Dabbobi a cunkushe, ba kaza, ba balbela, ba hannun kowa. Kaska ta samu gari. Tun ina ganin Gudale tsaye tana kiran sunana da irin kukanta, har ta koma tsayuwa da kai a ƙasa. Hantsarta ta yi cincirindo kamar an liƙa mata 'ya'yan zurma, kunnuwanta sun faɗi. Na roƙi samarin, na yi musu barazanar tsinuwa, sunka ce umurnin Kofur ne. Awaki sunka fara mutuwa, Barau ya ce kun gani, da suna cikin gida da mu ne. Marka ta ce in je wa Mai gari da kuka. Na je, ya ce, "Baturiya, kawo mini abin da zan nuna wa jama'a, in buɗe." Tsoro nake ji a lokacin, tsoro sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar da ruwa ya shigo tsakar gida.

Wata azahar na dawo daga shingen na zube kan gado. Gadona na kara ne, da tsohon ƙirgi a shimfiɗe, wanda na naɗo tun daga Tungar Marke. Fatar kakar Gudale ce, saniyar da uwata ta bar mini. Ina kwance ido a rufe, hannuna ya sauka gefen gado, yatsuna sunka shiga gashin da ya rage a bakin fatar suna lalube da kansu. Sun saba da aiki, an hana su. Sunka bi, sunka bi, har wajen naɗin hammata inda fata ta ƙanƙance ta bushe. Sai sunka tsaya kan wani ɗan ƙullutu mai tauri.

Na san wannan abin. Ko a kabari anka sa mini shi a hannu na san shi.

Na yaye tabarma, na ja ƙirgin waje cikin rana, na buɗe naɗin da ƙyar. Ga ta nan, busasshiya ƙayau, bakinta a kafe cikin fata, da wata ƙarama kusa da ita. Na tofa miyau a yatsa na goge bayanta. Launin ya dushe, amma zanen na nan daram, da zoben ƙafa. Shekara da shekaru ina kwana kanta.

Ban cire ta ba, ba ni da wauta. Na ɗora ƙirgin a kai, shina ta ƙwaram-ƙwaram, na ratsa gari har ƙofar Mai gari, yara da manya na biye. Na ce a kira mini Kofur.

"Ranka ya daɗe," na ce, "a tambayi mutumin nan ko ya san fatar ga."

Barau ya ce fata ai fata ce. Na juya ta na nuna wata tsaga a gefen ciki, wadda anka ɗinke da zaren jijiya. Dattawan da ke wurin sunka fara murmushi, don duk Tungar Marke an san labarin. Saniyar ta karye a kwari, anka yanka, Barau shina saurayi mai ji da kansa ya ce shi zai feɗe, wuƙa ta zarce ya ɓata mini fata. Na yi shekaru ina kiransa Sarkin Fawan Makafi.

"Wuƙata ce," ya ce a hankali.

"Yaushe?"

"Kafin in tafi soja."

"Akwai kamfani lokacin? Akwai jirgin awo? Akwai mai alawayyo?"

Ya girgiza kai. Na buɗe naɗin na ce ya duƙa. Ya duƙa da ƙafarsa mai ciwo, ya kai ido kusa, Mai gari ma ya duƙa, liman ya duƙa da ɗaurarren wandonsa. Can Barau ya sa ɗan yatsansa, shi da ya hana kowa taɓawa, ya shafa bayanta.

"Ashe tare da mu take tun can," ya ce.

"Tare muka taso, Kofur. Ba mu dai taɓa dubanta ba."

Ban jira Mai gari ya gama cewa a buɗe ba. Na ruga, Marka na bayana, mata na fitowa daga gidaje da kaskon wuta na ƙona kaska. Wani ya saki akurki, kaji da zabi sunka bi mu a guje kamar sun san inda za a. Samarin sunka ja ƙaya da sandunansu. Ranar nan ba a dafa tuwo da wuri ba a garin, kowace mace na duƙe gefen dabbarta, kasko na ta ƙauri.

Gudale na kwance a kusurwa. Na kira ta, ta motsa kunne. Na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata na fara da cikin kunne, ina yi mata surutun da na saba. Jikinta zafi kamar tukunya, idonta ya yi rawaya, wurin da ta yi fitsari ya yi ja. Na cire, na cire, hannuna duk jini. Barau ya zo ya durƙusa ta wajen hantsa shina cirewa shi ma, bai iya ba, shina tsinke musu kai, na ƙyale shi. Da la'asar ta fara miƙe ƙafafu tana shure-shure.

"Matar yaya," ya ce, "za ta yi mushe."

Na san haka tun kafin ya faɗa. Na ce, "Je ka ɗauko wuƙar."

Na riƙe kanta har ya gama. Na yi kuka a gaban kowa, ban ji kunya ba. Dabbobin gari da yawa sun tashi daga baya, har na Mai gari, har akuyar Marka mai ido ɗaya. Tawa ce ba ta tashi ba, kuma daga kanta shanun uwata sunka ƙare.

Barau ya feɗe ta da kansa, a hankali, ko ƙwarzane bai yi ba. Da safe ya zo gidana ya kafe fatar a tsakar gida da turaku don ta sha rana. Bai iya haɗa ido da ni ba. Na fito na tarar da shi duƙe wajen hammatar, ya ciro 'yar wuƙa zai kankare waɗanda sunka rage manne.

"Mi kake yi?"

"In tsabtace miki ita."

"Ɗauke hannunka, Sarkin Fawan Makafi. Kada ka cire ko guda."

Ya ɗago shina kallona.

"Bar su su bushe a nan," na ce. "Wata rana wani zai tashi ya ce bai taɓa ganinsu ba."

Ya mayar da wuƙar cikin kube. Da fatar ta bushe na shimfiɗa ta kan ta kakarta, a kansu nake kwana har yau.